Ranar da Ban Hura Wuta Ba

Litinin, 3 ga Nuwamba

'Yan sanda sun sake zuwa. Kofur Marisa ce, mai gajeren gashin nan, da abokin aikinta da ba ya son fitowa daga mota. Duk farkon sanyi sai sun zagaye ƙauyukan kan dutse suna ƙirga tsofaffin da ke zaune su kaɗai, kamar masu ƙirga awaki. Namu ƙirgan ba wuya. Ni a ƙasan titi, Aurora a sama kusa da coci. Sauran gidajen duk a kulle, masu su suna Faransa ko suna maƙabarta.

Bana da sabon salo suka zo. Wai kowane tsoho sai ya ba da sunan maƙwabcin da zai riƙa duba shi kullum, su biyun su sa hannu. Wanda layinsa ya zauna babu suna, takardarsa ta wuce ofishin jin daɗin jama'a, su kuma su kira 'ya'yansa. Na san abin da zai biyo baya. Tun faɗuwar da na yi bara ɗana Albano ke neman dalilin da zai raba ni da gidan nan ya kai ni gidan tsofaffi a gari.

Ta ce, "Dona Deolinda, sunan wa zan rubuta?" Na ce ta rubuta kaji, su shida ne, kuma ba sa fashi. Ta yi dariya, ta ce to Dona Aurora fa? Na ce gara gawata ta kwana bakwai ba a sani ba. Ta ba ni zuwa tsakiyar Disamba in yi tunani.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Ban furta ko kalma ɗaya ba yau. Da na yi tari da yamma sai na ji muryar kamar ta baƙuwa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Motar burodi ta zo. Na jira a bayan ƙofa har waccan Aurora ta saya ta tafi.

Marisa ta tambaye ni me ya haɗa mu, ban gaya mata ba, 'yan birni ba sa gane zancen ruwa. Shekara ashirin da biyu ke nan, lokacin babban fari. Ruwan magudana namu ne har sai inuwar hasumiyar coci ta taɓa zanen da ke jikin dutse, daga nan ya koma nasu. Haka kakanni suka raba. Aurora ta je ta karkatar da ruwan tun inuwa da sauran taku biyu, da idona na gani. Wai gajimare ne ya rufe rana ta ruɗe. Gajimare, a watan Agustan shekarar nan! Dankalinmu ya ƙone ƙurmus. Na kira ta ɓarauniya a ƙofar coci, a gaban kowa. Ita ta riƙe Albano ranar baftisma, shi ya sa komadre muke ce wa juna, kamar 'yan'uwa, amma tun ranar ko gaisuwa.

Yanzu ruwan na malala a banza, ba mai noma. Wannan bai canza mai gaskiya ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ranar Waliyyi Martinho. Na gasa 'ya'yan itacen kastanya kamar yadda ake yi, na ci huɗu, na ba kaji sauran. Da mijina Serafim na da rai da har waƙa sai ya yi.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Taron 'yan sanda a tsohuwar makaranta. Sun kwaso tsofaffi bakwai daga ƙauyuka uku a mota. Marisa ta tsaya a gaban allo kamar malama: kar a buɗe wa wanda ba a sani ba, ko ya ce daga hukumar ruwa yake, a riƙa sa sakata, a yi hankali da garwashi a ɗakin kwana. Ta raba mana lambarsu mu manna kusa da waya.

Ni a wannan bangon, Aurora a wancan. Ana zancen ɓarayi sai ta dubi rufi ta ce, "Wasu ai ɓarawo ba ya shiga gidansu, bakinsu yake tsoro." Na dubi taga na ce wasu kuwa in ya shiga gaisuwar 'yan'uwa kawai za su yi. Marisa ta tafa ta ce, "Madalla, an fara hira!"

Aurora ta rame. Ta fara riƙe sanda. Ba damuwata ba ce, gani kawai na yi.

Abokin aikin Marisa ya fito daga mota yau, ya kafa mini sakata mai kaurin hannuna.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Albano ya kira. An kusa samun gado a gidan tsofaffin, daga Janairu. Ya ce, "Mama, da waya a ƙarƙashin filo nake kwana saboda ke." Na ce wa ya aike shi. Ya ce in daina hura wutar icen nan kafin in ƙone kaina, ya turo mini hita ta ɗumama ɗaki.

Da na ajiye wayar na yi kuka. A ɗakin nan na haife shi, a ɗakin nan Serafim ya cika. Tsoro nake ji, ba na kuma son kowa ya sani.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Hita ta iso. Tana nan cikin kwalinta.

Litinin, 1 ga Disamba

Ƙanƙara ta sauka. Wuyan hannuna ya kumbura, na kasa ɗaga gatari. Icen da aka faskara saura na kwana biyu.

Alhamis, 4 ga Disamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya ice ya ƙare, na ciro hita na jona. Gaskiya abin da daɗi. Na cire na'urar kunne da ke taimaka mini ji na kwanta, da na farka ɗakin ɗumi kamar cikin tanda, na ce yau ba inda za ni. Tun da aka yi aurena ban taɓa wuce ƙarfe bakwai ban hura wuta ba, sai yau. Har goma saura ina zaune a gado ina cin biskit.

Ban ji bugun ƙofa ba. Abin da na gani kawai, gilashin taga ya tarwatse, bakin fartanya ya shigo, sai ga kan Aurora cikin baƙin mayafi. Yadda mace mai shekara tamanin ta hauro taga, Allah kaɗai ya sani. Ta faɗo ciki, tana riƙe da ƙunshi a ƙirji, fuskarta sharkaf da hawaye, tana kiran "Linda, Linda." Rabon da wani ya kira ni haka tun muna 'yan mata.

Sai ta gan ni da biskit a hannu.

Na lalubo na'urar na sa, na ji sauran. "Kina da rai? Kina da rai, tsohuwar banza, kika bar ni na hauro taga?" Na ce wa zai gyara mini gilashin. Ta ce, "Ina hayaƙi? Shekara ashirin da biyu, kullum kafin bakwai hayaƙinki ya tashi. Ranar da aka binne Serafim ma ya tashi. Na tsaya a taga tun bakwai har tara, ba komai. Me kike so in ce?" Na nuna mata hita. Ta yi mata kallon da ake yi wa maciji, ta ja tsaki. Ta ce wuta marar hayaƙi ai ta mayu ce.

Ƙunshin ya kwance a ƙasa. Kyandir biyu, farin zane, da ƙyallen ɗaure haɓa. Ta zo shirya gawata ne kafin 'yan sanda su iso, wai kar baƙi su gan ni baki a buɗe.

Ashe ta riga ta kira lambar nan ta ce musu na mutu. Sai ga jiniya tana hawo dutse. Marisa ta shigo da gudu ta tarar da gawa na ɗaure wa mai makoki hannu, don gilashi ya yanke ta. Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska, ta ce uku ta taɓa tararwa haka, kuma su ba biskit suke ci ba.

Dole ta rubuta rahoto. Dole Albano ya ji.

Juma'a, 5 ga Disamba

Ya ji. Ya ce magana ta ƙare, ranar ashirin yana tafe da mota.

Na toshe tagar da kwalin hita. Aurora ta manta zanenta a kan kujera. Na ɗauka zan ninke sai na ga lilin ne na saƙar uwarta, da harafin sunanta a gefe. Na san zanen nan. Tun muna amare ta nuna mini shi a ƙasan akwati, ta ce shi za a shimfiɗa mata ranar da za a binne ta. Ba ta da wani. Shi ta ɗauko mini.

Na daɗe a zaune da shi a cinya.

Talata, 9 ga Disamba

Marisa ta zo da mai gyaran taga, da takardu biyu. Ta ajiye tawa a kan tebur, na ga layin maƙwabci a cike, da rubutun nan na Aurora mai kama da tafiyar kaza. Na ce yaushe? Ta ce tun ranar taron makaranta, bayan kowa ya fita. Wai Aurora ta ce, "Kar ki gaya mata, sai ta yaga." Sa hannuna kawai ake jira.

Ta turo mini ta biyun. Ta Aurora ce, layin fari fat. Ita ma 'yar ƙanwarta da ke birnin Porto na jiran tsakiyar wata. Marisa ta ce, "Dona Deolinda, ƙauyuka goma sha tara gare ni, mota ɗaya. Sau ɗaya a wata nake iya zuwa. Ita kullum tana nan."

Na ce ruwan nan fa da sauran taku biyu. Ta ce wane ruwa? Na ce ta ba ni biro, na sa hannu a duka biyun.

Don in toshe bakin Albano na yi.

Lahadi, 14 ga Disamba

Marisa ta yi magana da shi da kanta. Ya yarda zuwa Ista, sai a sake dubawa. Zai zo Kirsimeti, ya faskara mini ice.

Ina kunna hita, amma da safe sai na tattara ƙirare na hura wuta kaɗan. Ba na son a sake fasa mini taga.

Yau hayaƙin Aurora bai tashi ba sai bakwai da ashirin da biyar. Lokacin na riga na kai rijiyar tsakiyar titi, da takalman Serafim a ƙafa, ba safa. Tun da na kai nan sai na ƙarasa. Ashana ce ta jiƙe mata. Ta ce, "Me ya kawo ki, komadre?" Na ce zanenta na kawo. Ta dafa kofi, ya yi ruwa-ruwa kamar da. Ba mu ce wani abin kirki ba.

Sai da na dawo na ga zanen yana nan a kan kujera.