Ya Ɓoye Mini Jirgi, Ni Ma Zan Ɓoye Masa

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da ba ya gyaruwa. Ina aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ni ce ke gaya wa matuƙi ya hau ko ya dakata, don a samu tazara tsakaninsa da jirgin da ke gabansa.

A wurinmu in za ka tashi daga aiki, sai ka faɗa wa mai karɓarka kowane jirgi da umarnin da ka ba shi, sannan ka ɗan tsaya bayan kujerarsa har idonsa ya saba da allon da ke nuna jiragen. To akwai wani abokin aikina, Ɗan Gayu muke ce masa, turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Rannan ya miƙa mini aiki yana ta duba agogo, wai za a fara ƙwallo. Ashe ya ba wani jirgin fasinja izinin ci gaba da hawa, alhali ga jirgin kaya mai nauyi yana jan jiki a gabansa. Bai gaya mini ba, bai tsaya ba. Ko zama ban gyara ba ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka. Da ƙyar na raba su.

A gaban kwamitin bincike mutumin nan ya dubi tsabar idona ya rantse wai ya faɗa mini, har da cewa dama mata hankalinsu na gida. Aka dakatar da ni, aka mayar da ni aji kamar sabuwar shiga. Shi kuwa ko a jikinsa!

Yanzu na dawo, kuma ni ke miƙa masa aiki. Wallahi so nake in ɓoye masa jirgi ɗaya, in tsaya bayansa in ga gumi ya wanke turaren nan. In abin ya yi tsanani zan yi magana. Na tsane shi, Anti, ko abinci ba ya mini daɗi.

Wadda Aka Yi Wa Sharri

Ƙanwata, an cuce ki, kuma ba zan ce kada ki yi fushi ba. Sai dai ke ma kin karɓi kujera daga hannun mai sauri ba ki tsare shi da tambaya ba. Wannan naki ne.

Kin ce za ki yi magana in abin ya yi tsanani. In matuƙin bai ji da wuri ba fa? Mutanen da ke cikin jirgin nan ba su san Ɗan Gayu ba, kuma ba su yi miki komai ba.

Ki ɗaukaka ƙara ta hannun ƙungiyarku ta ma'aikata. Ba ku kaɗai ne a ɗakin ba, akwai wanda ya ga fitarsa ba tare da ya tsaya ba. Ki nemi a raba muku lokacin aiki. Kafin nan, ki riƙa miƙa masa a gaban shugaban ɗaki, kada ki rage ko jirgi ɗaya.

Ƙaryar da ya yi miki ita ce ba za a amince miki da kujerar nan ba. Ranar da kika ɓoye jirgi, ke da hannunki kin gaskata shi. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya bi miki haƙƙinki.