Duwatsun Turawa Suna Nan, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Amma tun kana raye ma ba ka cika sauraro ba in maganar ɗakin ƙofar gida ce, to bambancin kaɗan ne.

Kowa lafiya a Gyaɗi-Gyaɗi. Inna ƙafa ta yi sauƙi. Mama Ngozi, maƙwabciyarmu, har yanzu in ta wuce zaure sai ta rage murya, ta manta ba ka ciki. Ni kuma ina nan ina aikin jinya a asibiti, ina dawowa in kwana ina gadin duwatsu.

Akwatunan ƙarfen suna nan yadda Kaka ya bar maka su. Duwatsu masu lamba da farin fenti, fasassun tukwane, da taswirar nan da ta nuna Tarauni gonaki da kududdufai, Ƙauyen Alu kuma ƙauye na gaske. Na haddace labarin: Turawan wata ƙungiyar bincike ne, masu auna zurfin rijiyoyi da bin tsohuwar hanyar fatake, suna tsare tsofaffi da tambayar wa ya haƙa wane kududdufi. Kaka ya yi musu jagora. Da za su tafi suka ba shi ajiya, suka ce sai bayan damina. Baba, damina nawa ke nan?

Ranar da jikinka ya tsananta ka kama hannuna, ba na Yaya Sani ba, ka ce amana ce, kada ta bar ɗakin nan sai hannu da hannu ga masu ita. Na ce to. Wa zai ce wa mahaifinsa a'a a wannan hali?

Ga abin da to ɗin ta jawo. An mayar da maigidana, Abban Ummi, aiki Gombe, ya kama gida, yana ta jirana. Ya daina tambayar yaushe zan taho, kuma shirunsa ya fi ba ni tsoro. Su Yaya Sani suna son a raba gado, ni ce na tare ƙofa. Na sa an bincika, ƙungiyar ta watse tun kafin a haife ni, ba magaji, ba ofis. Na je wajen Malam, ya ce in an rasa mai amana sai a yi sadaka da ita a madadinsa. Wa zan bai wa sadakar dutse? Ko a gidan tarihi aka karɓa, kai ka ce hannu da hannu.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne, na tsani ɗakin nan tun ina yarinya. Kuma ina zargin kai ma haka. Sau nawa na gan ka tsaye a bakin ƙofarsa da tsintsiya, kana tsaki? Kai ma to ɗin ka ce wa Kaka, ko ba haka ba? Me ya sa ba ka bar ta ta ƙare a kanka ba?

Na yi niyyar ni ce ta ƙarshe. Ban taɓa ba jikarka Ummi labarin ba, ko sau ɗaya. Jiya na dawo daga aiki na tarar ta ɗauki makulli ta buɗe ɗakin ta share, tana goge duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da kowanne inda lambarsa take. Ba wanda ya sa ta. Wai gani ta yi ƙura ta yi musu yawa, kada masu su su zo su tarar da su haka.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka huta. Kai dai ka sauke.

'Yarka mai riƙe da makulli,
Rabi