An Janye Tagwaye Daga Ajin Waƙa

Haɗejiya, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau Alhaji Bukar ya zo makaranta da kansa, ya janye tagwayensa daga ajin waƙa. Su ne masu kaurin muryar da sauran yara ke jingina a kai.

Ya ce, "Malam Isa, karatu na kawo su, ba roƙo ba. Gidanmu ba mu gaji wannan ba."

Na ce, "Alhaji, ba wanda muke yi wa kirari. Murya biyu ce kawai ke tafiya tare."

Ya ce, "Ko goma ce." Ya tasa su gaba suka fita.

Duk da haka na ɗaga hannu, ragowar suka ɗauki waƙar masuntan nan da na koyo a bakin kogi. Na shiga gurbin tagwayen da kaina, muryata ta karye a tsakiya. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Da la'asar Baturen Makaranta ya kira ni. Maganar tura ni Ingila karatun waƙa ta mutu, wai ƙasar nan malaman lissafi take bukata. Da ruwa ya janye daga hanya za a mayar da ni makarantar garin Guri.

Matata Hajara ta ajiye tuwo tun magariba, na kasa ci. Gobe zan gaya wa yaran an daina ajin waƙa. Ya Allah, da wane baki?