Ka Janye Rantsuwarka, Baban Mardiya

Baban Mardiya, maigidana, inuwar kaɗanyata, ruwan farkon damina a zuciyata, ka janye rantsuwarka. Abin da nake so ke nan. Ka janye ta, ka bar shanun nan na Bawku a hannun yayanka, ka hau lori ka same mu a Yendi. Ka san ban iya rubutu ba, a wayar Rukaya maƙwabciya nake maka maganar nan. In ka ji muryata tana rawa kada ka kashe, ka saurara har ƙarshe.

Na sani. Wallahi na sani. Ranar da aka binne ƙanenka Rafiu bayan aikin da aka yi masa, ina tsaye ka rantse wuƙar asibiti ba za ta ƙara taɓa jininka ba. Ni na riƙe ka, ni na sha kukanka a kafaɗata. Amma hasken idona, 'yarka tana faɗuwa!

Tun da ka tafi abin ya ƙaru. Tana tafiya ƙafa a buɗe kamar mai tsallake kwata, ta yi nan, ta yi can, sai ƙasa. In na miƙa mata koko, hannu ya yi ta rawa ya wuce kofin. Da safe amai, ta riƙe ƙeya tana kuka. Mutanen gida sun ce iska ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Ni dai na goya ta har Tamale, aka ɗauki hoton kanta.

Dokita mace ce, ta zaunar da ni ta nuna min. Ashe ƙwaƙwalwa biyu gare mu, babba a sama, ƙarama a ƙeya, nan daidai inda nake ɗaura mata ɗankwali. Ƙaramar nan ɓari biyu ce, ninki a kan ninki kamar zannuwa a akwati, cikinta kuma reshe-reshe kamar itace. Ba ita ke tunani ba. Ita ke auna tafiya, ita ke gaya wa ƙafa inda za ta sauka, ta gaya wa hannu ya tsaya haka ya isa baki. Dokita ta sa Mardiya ta taɓa hancinta da yatsa, yarinyar ta taɓa kunci, ta yi dariya. Ni ban yi dariya ba. Wani ƙullutu ne ya tsiro a wurin, yana danne ta, yana toshe hanyar ruwan kai. Dokita ta ce ana cirewa, yara da yawa suna tashi su taka. Ba ta yi min alkawari ba, ta dai ce jira ya fi wuƙar haɗari.

Ka tuna kasuwar Salaga? Na ɗauko doya cike da faranti a ka, hannuna a sake, na tsallake laka ko ɗaya ba ta motsa ba. Ka bar cinikinka ka bi ni har ƙofar gidanmu, ka ce ko zalɓe bai kai ni iya tsayuwa ba. Kai, Zuberu! Ashe ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ka gani ka so! Ita ce ta riƙe farantin. To ita ce ke ciwo a kan 'yarka, yarinyar da take ɗora murfin tukunya a ka tana yawo a tsakar gida tana tallar ƙarya, tana cewa ka saya. Za ka yarda ta girma tana bin bango?

Tsoro nake ji, zumana. Ina jin tsoron ɗakin tiyatar nan, da fitilunsa, da askin da za a yi mata. Wa zai riƙe ni in an rufe ƙofa? Kai ne dutsena, kai ne tudun da nake hawa in kogin Daka ya cika. Ban taɓa ƙetare maganarka ba, kuma ba na so in fara a kan ran 'yarmu. Amma ranar Litinin zan kai ta. Ina so in kai ta da yardarka, kana gefena, hannunka a ƙeyarta. Ko ka yi fushi, ko ka ƙi min magana har shekara, ni Damata taka ce, ba ni da wani sai kai har a rufe ni da ƙasa.

Na gaya wa liman, ya ce rantsuwa irin wannan ana karya ta, a ciyar da miskinai goma. Ni zan dafa. Na gaya wa Mma, uwar da ta haifi Rafiu, ta tashi ta ɗaure kayanta, ta ce da ita za a je. Na gaya wa Mardiya ma. Na ce mata babanta yana hanya.