Zumar Itacen Gishiri

Santa Fe, Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Crisanta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Mama. Ina gwiwarta? Tunda kin koyi kashe min waya a kunne, ga takarda, ita ba ta da maɓalli.

Ranar Asabar ina tsaye a rumfata a kasuwa, kwalaben zumata a jere, sai ga Belarmino maƙwabcinki yana washe baki. Wai, "Nesimo, ka sayar da tsada yau, ta ƙarshe ce." A bakin wannan mashayin na ji cewa kin sa wa mutanen gyaran kogi hannu, za su sare itatuwan gishirin da ke bakin gonarmu kakaf. Gonarmu na ce, Crisanta. Baba bai bar wasiyya cewa ke ce mai kogi ba.

Tun da aka ba ki rabon ruwan magudanar ƙauye kike tafiya da shebur a kafaɗa kamar gwamna. To ranki ya daɗe, ƙudan zumata me za su ci? Lokacin da zafi ya ƙone komai, itacen nan kaɗai ke fure a duk kwarin. Da shi na biya wa 'yata makaranta, da shi na rufa wa Mama ɗaki da kwano. Kuma kin manta waye ya kawo shi? Hukuma ce ta raba wa kakanmu, ta ce ya dasa ya riƙe gaɓar kogi. Yau jikokin mutanen hukumar sun dawo da takalman hawan dutse da ruwan gora, wai itacen baƙo ne, mugu ne. Su ma ai baƙi ne, wa ya sare su?

Ki janye hannunki. Ki gaida Mama.

Yayanki,
Onesimo

Las Palomitas, Oktoba

Yaya Nesimo,

Muna lafiya, Mama tana amsawa. Gwiwar tana nan yadda ka bar ta, in ka tuna yaushe ne.

Ba zan janye ba. Kai kana zuwa ɗibar zuma ka koma birni, ni nake kwana a nan. Rijiyar bayan gida ta ja baya har sai da muka ƙara bututu. Ganyen itacen nan ya zuba gishiri a ƙasa, ƙasar gonar barkono ta yi fari fat, ko ciyawa ta ƙi ta. Gobarar bara da ta kama kurmin, ni da yara muka tsaya a kan rufi da bokiti, kai kana can kana yi wa baƙi murmushi. Bishiyoyin alamo, 'yan asalin bakin kogin nan, da muka yi lilo a jikinsu muna yara, guda nawa suka rage? Je ka ƙirga, ba za ka gaji ba.

Maganar zuma kuma, a bar kaza cikin gashinta. Baƙar zumar nan mai ɗaci-ɗaci da kake manna wa takarda "Furen Hamada" kana sayar wa masu yawon buɗe ido, ko Mama ba ta sa ta a shayi.

Za su fara wata mai zuwa. Suna yanka, suna shafa wa kututture magani nan take, kafin ruwan jikinsa ya bushe, in ba haka ba ya sake tofowa fiye da da. Na gaya maka ne don ka kwashe akwatunan ƙudanka da wuri. Belarmino ya ce ka kai su gonarsa ta alfalfa, ciyawar dabbobin nan mai fure.

Allah ya kiyaye hanya.
Crisanta

Santa Fe, Agusta

Gwamna Crisanta,

Gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki. Na ga kiranki tun lokacin sanyi, na ƙi ɗauka da gangan. Ina jiran itace ya yi magana a madadina, yanzu kuma ya yi.

Jiya na bi ta hanyar bakin kogi, na leƙa daga mota. Duk inda mutanenki suka bi, fili fetal, da ƙananan sandunan alamo da suka dasa a tsaye kamar marasa lafiya a layin asibiti. Amma gwiwar kogi fa, wajen tsohon mashigi? Tofo ya fi ni tsayi, cunkus, har ya fara jan fure. Na san kina ta zagin ma'aikata. Ki bar bayin Allah, aikina ne, kuma ke kika ba ni makami da hannunki.

Ranar da na zo kwashe akwatuna na tarar sun gama kwantar da itatuwan wurin, mai burushin magani yana shirin bin kututture. Sai na buɗe bayan mota: tukunyar tamale, alalen masara mai nama, da zafinsa da jan barkono, da giya cikin ƙanƙara. Na ce, "Samari, Mamanmu ta ce haram ne mutum ya yi aiki a gonarta da yunwa." Babbansu ya ce bari su gama shafawa. Na ce, "Haba maigida, kututture gudu zai yi? Tamale ne ke hucewa." Na ba su labarin damben da na yi a Juarez, wanda ban yi ba. Na ba su na matata ta fari. Kafin su miƙe rana ta karkata, kututture ya bushe ya rufe bakinsa. Suka shafa maganinsu a banza, har da yi min godiya.

Shekara talatin ina sayar wa Bature abin da bai zo saya ba, ke ce za ki yi min wayo? Wata mai zuwa zan maido da ƙudana gida.

Ki gaida Mama da kyau.
Yayanki, wanda ya riga ki tashi

Las Palomitas, Agusta

Onesimo,

Ina gaishe ka don Mama ta koya min, ba don ka cancanta ba.

Da ka ɗauki wayar nan ko sau ɗaya, da ka ji. Ranar da ka yi rabon tamalenka ka tafi, da yamma suna jan rassa, ƙafar ɗayansu ta bugi ƙarfe. Gicciyen Eloy ne. Wanda Baba ya ƙera ya kafa a inda ruwa ya ci ɗan'uwanmu, wanda duk muka ce ambaliya ta tafi da shi. Bai je ko'ina ba. Kurmin nan naka ne ya haɗiye shi tun muna samari da 'yan mata. Sunan yana nan, tsatsa ta ɗan ci shi.

Na ɗauki Mama a mota har gabansa. Ba ta yi kuka ba. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce, "Ashe kana nan, ɗan nan." Da sanyi ya yi muka haƙa rami har muka tarar da ruwa, muka dasa masa sandar alamo a gefe, ta ce ita ce inuwarsa. Kowace Lahadi bayan coci sai mun je, tana ɗaura masa furen roba.

Tun watan Yuni mota ba ta shiga. Watan jiya ko ni da adda da ƙyar na kai. Tofon ya shaƙe alamon, ganyensa ya zube. Lahadin da ta wuce Mama ta zauna a mota a bakin hanya tana leƙe, tana ce min, "Ta ina yake? Na daina ganinsa." Tana ta tsine wa ma'aikata, wai sun ci abincin mutane sun yi ha'inci. Da sunanta ka yi ƙaryar, Nesimo. Ban gaya mata ba tukuna.

Mutanen gyara sun ce sun gama da yankinmu, ba za su dawo ba. Sun bar min galan ɗin magani da burushi biyu. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na yanka ɗaya na shafawa a bayansa. Ranar Asabar zan fara, ko da Belarmino ne, in ya tashi a daidai.

Ka kawo ƙudanka in ka ga dama. Furen da za su sha a kan ƙaninka yake.

Crisanta

Santa Fe, Laraba

Crisanta,

Ina gaisuwa. Kar ki bar mashayin nan ya riƙe zarto kusa da Eloy.

Asabar ranar kasuwa ce, kin sani sarai, shi ya sa kika zaɓe ta. Ban yafe miki ba, kuma har gobe zumata ta fi ta alfalfa. Ni zan yanka, ke ki shafa, kuma kar ki kawo abinci sai mun gama.

Mama kuma ki bar min ita. Ni zan gaya mata.

Nesimo