Mai Ɗori Ya Riga Inshora Ganin Hannuna

Anti Agnès, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni ɗaliba ce a wata makarantar koyon sana'a a nan Garwa, ajin ƙarshe, fannin wutar lantarki. Mako uku ke nan da na faɗo daga tsani a ɗakin koyon aiki, a gaban malaminmu, na karye a wuyan hannun dama. Mamata kifin tafkin Lagdo take sayarwa, da aka kira ta daga kasuwa ba ta yi wata-wata ba, ta kai ni wurin wani mai ɗori a unguwar Djamboutou, wanda ya taɓa gyara wa kawuna ƙafa. Jiya aka kwance ɗaurin, sai ga hannu a karkace, ko biro ba na iya riƙewa, ga jarrabawar aikin hannu saura wata biyu. Mama tana ta kuka wai ita ta cuce ni, ni kuma na kasa lallashinta, don a raina haushinta nake ji. Yanzu Parfait, ɗan ajinmu, yake gaya mini ashe cikin kuɗin rajista akwai na inshora, wanda ake rubutawa "asirans" a rasit. Shekara uku ana biya ban taɓa tambaya ba, na ɗauka haraji ne. Ya ce wai lokacin kai wa kamfanin inshora rahoto ya wuce, in je asibiti in ce jiya na faɗi. Anti, in yi?

Ɗaliba cikin damuwa

Ƙanwata,

Parfait na nufinki da alheri, amma da alama bai taɓa ganin hoton ƙashi ba. Likita na ɗaga shi zai gane karayar ta daɗe. Kin ga kin miƙa wa kamfanin inshora dalilin hana ki, su da ko ba a ba su ba nemansa suke yi.

Gobe da safe ki tafi asibiti, ki faɗi ranar gaskiya, ki karɓi takardar likita. Gyaran hannun ba zai jira takardu ba. Sannan ki je makaranta da rasit ɗinki, ki sa malamin ya rubuta abin da ya gani, da kwanan wata da sa hannu. A ajinsa kika faɗi. Ki tambayi shugaban makaranta a rubuce ko an kai rahoto, in ba a kai ba, me ya hana. Ki nemi ganin yarjejeniyar inshorar da idonki, don wa'adin da Parfait ya faɗa jita-jita ce har sai kin karanta. Ba na yi miki alkawarin za su biya. Makara na iya jawo gardama, amma gardama ce da kike da shaidu a cikinta.

Mamarki kuwa ta kai ki inda ta taɓa ganin an warke. Babu wanda ya taɓa gaya mata abin da "asirans" ke nufi, ke ma da kika iya Faransanci ba a gaya miki ba. Makarantunmu sun ƙware wajen karɓar kuɗin, bayanin ne ke ba su wuya. Ki tafi da ita asibitin, ta riƙe miki takardun.

Allah ya miƙar da hannun nan, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Anti Agnès