Gaisuwar Uwar Kumara

Najma, Doha

Zuwa ga Yaya Haulat,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

A takarda na rubuta na ɗauki hoto na turo, don na san in na kira ba za ki bari in kai aya ba. Kamfani ya ba ni hutu, amma ba Funtuwa zan fara sauka ba. Sri Lanka zan biya.

Kin tuna Kumara, ɗan Sri Lanka, abokin ɗakina da muke gadi tare, wanda ya yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni? Watan jiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin get, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka saka gawar a jirgi, khalas, shi ke nan. Washegari aka kawo wani a gadonsa. Yaya, duk cikinmu ba wanda ya taka ƙofar uwarsa ya ce mata sannu. Abin nan ya hana ni sukuni.

Ga yadda na tsara. Bawah, ɗan Kumasin nan na ɗakinmu, ya ara mini jakar goyo irin ta Turawa 'yan yawon duniya. Zan sauka Kolombo, in kwana a masaukin matafiya mai gado bisa gado, abin da na saba da shi. Da safe in hau jirgin ƙasa zuwa kan duwatsu, daga nan bas, sauran kuma a ƙafa cikin gonakin shayi. An ce ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ga matsattsaku a ciyawa, shi ya sa na sayi rigar ruwa da doguwar safa. Ina yin gaisuwa zan juyo gida. Mako guda ne kacal.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Surajo

Funtuwa

Surajo,

Na amsa gaisuwarka. Sannu Bature, mai jaka a baya!

Wallahi raina ya ɓaci. Kai da sai shekara biyu ake ganinka, makon farko za ka kai wa matsattsaku? Bari in faɗa maka ba kwana-kwana: jikin Baba ya yi tsanani. Ko kunu sai an ɗaga kansa. Duk motar da ta tsaya a layi sai ya tambaya ko kai ne. Mako guda da ka raina, ban san ko yana da shi ba.

Matar nan ba ta jin yarenka, ba ka jin nata. Me za ka ce mata? Ka kira ta a waya wani ya fassara mana. Ka zo gida tukuna, in ka ga dama daga baya ka zagaye duniya da ƙafa.

Allah ya shirya mini kai.

Yayarki, ko in ce yayarka, ka ga har hannuna ya rikice,
Haulat

Najma, Doha

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ina ba ki haƙuri. Tun da na karanta saƙonki hankalina bai kwanta ba. Jiya a bakin aiki na tsaya ina zare ido, mota na ta hon, sai da shugabanmu ya daka mini tsawa: yalla, maza buɗe get!

Ba zan iya zuwa daga baya ba. Bizar da suka ba ni ta yanzu ce, hutu kuma in ya ƙare sai wasu shekaru biyu. Na rage tafiyar. Na cire kwanan Kolombo, daga filin jirgi tasha zan wuce. Na fitar da rabin kayana don dabino da turaren da zan kai mata su samu wuri. Bawah ya ɗaga jakar ya ce wannan ba yawo ba ne, dako ne.

Kin ce in yi waya. Haba Yaya! A gidanmu aka taɓa yin ta'aziyya a waya? Mutumin nan ya wanke mini amai da hannunsa.

Amma ina tsoro, wallahi ina tsoro. Na haɗa jakar na kwance ta ya fi a ƙirga. Ki gaya wa Baba komai, kada ki rage. Abin da ya ce shi zan yi.

Naki,
Surajo

Funtuwa

Surajo,

Muna gaishe ka. Na gaya masa, kuma da na san amsar da zai bayar da ban soma ba.

Da na gama ya ce, "Yaron yana da uwa?" Na ce yana da ita. Ya ce, "Ita kaɗai?" Na ce haka ka faɗa mini kwanaki. Ya ce, "To me yake jira? Ya tafi. In ya je kada ya gaisa a tsaye kamar ɗan aike. Ya tuɓe takalmi ya zauna, ya ci abin da aka ba shi."

Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ce, "Ni ina da ke."

Na fito tsakar gida na sha kukana. Ban yarda da tafiyar nan ba, ka sani. Amma ka tafi, ka bar wayarka a kunne, kuma don Allah ka yi sauri.

Allah ya tsare hanya.

Haulat

Ƙauyen su Kumara

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Saƙonki bai shigo ba sai yau da na hau tudu neman sabis. Ashe ina cikin jirgin ƙasa kuka kai Baba makwancinsa.

Na riga na yi wa uwar Kumara gaisuwar jiya. Na zauna, na ci shinkafarta. Yau da na sauko daga tudun ta kalli fuskata, ba ta nemi mai fassara ba. Ta shimfiɗa mini tabarma a inda ita take zama, ta aika aka kira maƙwabta. Tun hantsi suke shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe hannuna.

Gobe zan kamo hanya. Ki yafe mini.

Surajo